Ranar da Boeta Toyer Ya Jefar da Bulon Babansa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu gyara zama.

A unguwarmu ta Bo-Kaap, can saman layin da ya fi kowane layi gangara, akwai wani tela ana ce masa Boeta Toyer, wato Yaya Toyer a bakinmu. Ɗinki kam ya iya, wannan ba a ja. In ya yanka maka kwat, ko kai ƙashi ne da fata sai ka fito kamar manajan banki. Cutarsa ɗaya ce: gani yake wanda ya iya almakashi ya iya komai. Ya taɓa koya wa masunci jefa ƙugiya, ya taɓa gyara wa likita riƙon allura, kuma duk wanda ya zauna a dakalin shagonsa ya haddace labarin ranar da ya yi tsere da jirgin ƙasa daga Worcester ya riga shi isowa da sa'a guda, ko da yake duk shekara sa'ar ƙaruwa take yi.

Motar da ya yi wannan abin al'ajabi da ita kuwa ita ce Giwa. Tsohuwar mota ce ƙirar Amurka, mai silinda takwas, ja wur, faɗinta ya kusa cike layin. In aka tayar da ita, kofunan shayi na gidaje uku sai sun yi rawa. Babansu ne ya bar ta gado ga Toyer da yayarsa Galiema, wadda kowa ke girmamawa da Tietie Galiema. Makulli yana hannun Toyer, amma da sharaɗi: duk amaryar da aka yi a layin, Giwa ce za ta kai ta. Shekara arba'in ba a saɓa ba. Tare da motar kuma tsohon ya bar wani jan bulo da gefensa duk ya side, wanda ake tokare tayar baya da shi duk inda aka tsaya. A layinmu kowa da bulonsa, domin wanda ya dogara da birkin hannu kaɗai a wannan gangara, da safe bakin teku zai je neman motarsa.

To, saura mako uku bikin Nawaal, 'yar Tietie Galiema, sai magana ta tashi a dakali bayan sallar Juma'a. Angon, Faried, makanike ne mai garejinsa a Salt River, mutum mai shekara talatin da biyar wanda maganarsa ta yini ba ta wuce kalma ashirin. Abin da yake so a duniya bayan Nawaal shi ne filin tseren da ke bayan gari. Akwai ranakun da ake buɗe shi ga masu motocin gida, kowa ya zo ya zagaya ya gwada hannunsa, Faried kuwa ba ya fashi da 'yar tsohuwar motarsa. Boeta Karriem wanzami, wanda ba ya ganin wuta ya bar ta ba ƙirare, shi ya tambayi Faried, da ke zaune a dakalin, ko Giwa za ta iya wani abu a can.

Faried ya yi tunani, sannan ya faɗi gaskiya. Ya ce a miƙaƙƙen titi babu mai kama ta. Amma filin yana da kwana, wato lanƙwasar hanya, har goma sha ɗaya, ita kuwa tana da nauyi, sifirin ɗinta, naɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da gangar mota, sun yi laushi, birkinta na zamanin da ne, zagaye uku zai ɗau zafi ya daina kamawa.

"Gudu ta iya, Boeta Toyer," in ji shi. "Tsayawa ce ba a koya mata ba."

Toyer ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ya tambayi yaushe ne buɗe fili na gaba, aka ce Asabar ɗin jajiberin biki. Ya ce to a shaida, ran nan zai kai Giwa, zai gyara ta da hannunsa, kuma duk wanda ya ga fitilun bayanta ya gode wa Allah, domin su kaɗai zai gani. Faried ya ce a kawo ta gareji ya yi aikin, ai an kusa zama 'yan uwa.

"Kai za ka taɓa min mota? Ni da na rage wa alƙali wando yana tsaye a cikinsa?" Toyer ya dubi jama'a. "Mota ai kwat ce mai taya. Inda ya yi yawa ka rage, inda ya saki ka matse. Sauran duk surutun masu baƙin farce ne."

Kafin la'asar magana ta kai wa Tietie Galiema. Ta hauro layin da ƙafa, jakarta a hammata, ta tsaya a ƙofar shago har numfashinta ya dawo. Shekarunta sittin da huɗu, kuma tun suna yara ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, domin ba ta taɓa buƙata ba. Ta ce ba za ta hana shi ba, rabin motar nasa ne, ya je ya yi wasa da rabinsa. Amma ranar Lahadi da hantsi tana son Giwa a ƙofar gidanta yadda Baba ya bar ta.

"In na ga ƙwarzane ɗaya a fentin nan, Toyer, ko ya kai tsawon farcena, makulli ya dawo wurina. Ba na mako ba, ba na wata ba."

"Tietie, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba sai da izinina."

"Na ji. Karriem, kai ma ka ji."

Karriem ya ce ya ji, har ya rubuta a ransa.

Washegari aiki ya fara. Toyer ya taɓa jin cewa motar tsere ba ta son nauyi, sai ya shiga tuɓe Giwa a bakin titi. Ya fitar da kujerar baya, ya fitar da safaya da jak, ya yaye darduma, ya kwance rediyo. Ya kwance har mariƙan ƙofa na waje, ya ce iska suke tarewa, kamar maɓallan ado ne a hannun kwat. Matarsa Rugaya ta tambayi yadda za a riƙa shiga, ya ce mai hankali sai ya zura hannu ta taga ya buɗe daga ciki. Daga ƙarshe ya juya tayoyin gaba suka jingina da dakalin titi, ya zare jan bulon daga ƙarƙashin taya, ya auna shi a tafin hannu, ya girgiza kai.

"Shekara arba'in tana ɗaukar wannan dutse a banza. Birkin da zan sa mata, ko a jikin bango ka ajiye ta sai ta tsaya."

Ya wurga shi kan tarin shara. Tietie Galiema tana wucewa za ta kai wa mai ɗinkin mata mayafin amarya. Ta tsaya. Ta sunkuya, ta ɗauki bulon, ta kaɗe shi, ta sa a jaka ta wuce.

Sai sifirin. Faried ya ce akwai waɗanda aka ƙera gajeru masu tauri domin irin wannan aiki, Toyer ya ce wanda bai iya rage tsawo ba shi ke sayen sabon wando. Ya ari injin yankan ƙarfe, ya kwance sifirin biyu na gaba, ya rataya tef a wuya, ya shata da allin ɗinki, ya yanke. Da aka mayar aka sauke mota, sai ta karkata dama. Ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya yadda yake duban ƙafar wando, ya ce na hagu ya ɗara da yatsa biyu. Aka sake ɗagawa, ya rage na hagu. Ta karkata hagu. Ya rage na dama. Ta karkata dama.

A kwana na uku layin ya bar aikinsa. Mata suna leƙe ta taga, tsofaffi sun fito da kujeru, Karriem ya bar mutum da rabin aski ya zo ya tsaya da aska a hannu.

"Boeta, ka bar mata abin rufe gwiwa," in ji Karriem. "Kada ta je gidan biki da gajeren wando."

"Kai dai koma ka ƙarasa kan mutane. Gashi ne kawai abin da in ka ɓata yake tsirowa."

"Shi ya sa na zaɓe shi. Sifirin fa, yaushe yake tsirowa?"

A yanka na bakwai babu sauran abin yankewa. Giwa ta durƙusa da gaba, bayanta a sama, kamar akuya a bakin kwatami, kuma ta ɗan jingina hagu. Toyer ya zagaya ta sau biyu, ya ce daidai abin da ya nufa ke nan tun farko, karkatar kuwa da gangan ce, domin ta daidaita nauyin direba.

Saura birki. Ya samo wasu manyan kalifa guda biyu, wato ƙarafan nan da ke damƙe faifan taya, ya shafa musu jan fenti har sau uku, domin ya lura duk motar da ke gudu a talabijin nata jajaye ne. Ya ɗaura su yadda rubutun jikinsu zai fi kyan karantawa ga mai wucewa. Abin da bai sani ba, akwai na hagu akwai na dama, kuma ya musanya su. Kowanne yana da ɗan noti da ake sassautawa iska ta fita daga man birki, wurinsa sama ne, domin iska sama take hawa. Nasa duka biyu ƙasa suke kallo.

Ya zaunar da Rugaya a kujerar direba, shi ya kwanta a ƙasa da sifana. Taka, riƙe, saki. Taka, riƙe, saki. Daga azahar har shanya ta bushe aka kwashe kaya, Rugaya tana takawa, birki yana nutsewa kamar ta taka burodi. Ta ce ƙafarta ta dama ta fi ta hagu kauri yanzu, ko ita ma zai rage mata? Ya ce ta daina magana, magana ce ke shigar da iska.

Faried ya zo kawo katin gayyata, ya durƙusa ya leƙa sau ɗaya, ya buɗe baki.

"Boeta Toyer, notin nan ai..."

"Na gan shi. Ni na sa shi."

"To amma iskar..."

"Faried, ka taɓa ganina na zo garejinka ina koya maka ɗinki?"

Faried ya yi tunani, ya ce sau biyu. Toyer ya yi kamar bai ji ba. Ya sanar wa layi cewa birkin tsere haka yake, sai an taka shi sau uku yake farkawa, domin kada ya firgita mota.

Ranar Asabar ya fito cikin rigar tsere da ya ɗinka wa kansa, ja daga wuya har idon sawu, an yi wa sunansa aiki da zaren zinariya a ƙirji. Ya ɗaure ciki da ɗamara mai ƙaton kan ƙarfe da hoton giwa, faɗinsa kamar murfin tukunya. Hular kwano ta aro ce, ta yi masa yawa, in ya juya kai sai daga baya take biyo shi. Giwa ta gangaro layin tana ruri, kowa ya ja yaransa gefe, sai ga ta ta tsaya cik a gaban tudun rage gudu da ke ƙasan layi. Haɓarta ba za ta haye ba sai ta goge. Aka aro katakai daga wurin masu gyaran wani gida, maza shida suka shimfiɗa mata gada, Toyer yana ba da umarni ta taga. Tsakanin layinmu da babban titi tudu huɗu ne. Masu katakai suka bi ta da gudu daga wannan zuwa wancan, kuma tun da sun riga sun yi gumi, suka ce ba za a ƙarasa ba su ba. Haka rabin layin ya shiga motoci ya bi shi, da tukunyar akni, dafa-dukarmu ta shinkafa da nama, da kwandon samosa. Tietie Galiema tana kujerar gaba a motar Faried, jaka a cinya.

A bakin fili akwai mai duba motoci kafin a bar su shiga, wani dattijo mai jar fuska ana ce masa Oom Kobus, wato Kawu Kobus. Ya zagaya Giwa, ya dube ta ta gaba, ya karkata kansa hagu don su daidaita. Ya nemi mariƙin ƙofa bai samu ba. Da aka buɗe masa ya zauna ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta gamu da kowa a hanya ba. Ya fito ya leƙa bayan taya, ya daɗe a durƙushe, kafaɗunsa suna motsi.

"Wa ya ɗaura waɗannan?"

"Wani yaro ne na ba aikin," in ji Toyer. "Ka san yaran yanzu."

Oom Kobus ya ce da wannan birki ko keken jarirai ba zai bari ya shiga filinsa ba. Faried ya nannaɗe hannun riga. Ya je motarsa ya ɗauko jak da akwatin kayan aiki, ya kwanta, ya mayar da na hagu hagu na dama dama, ya fitar da iska, cikin minti arba'in birki ya yi tauri kamar dutse. Duk tsawon lokacin Toyer yana tsaye a kansa, hannu a ƙugu, yana gaya wa masu wucewa cewa surukinsu ne, yana koya masa aiki kafin a ba shi mata.

Sannan aka tara sababbin zuwa a ƙarƙashin rumfa, Oom Kobus ya karanta musu dokoki. Ba tsere ba ne, kowa da kansa yake gwadawa. In wani ya fi ka gudu ya zo bayanka, ka fitar da hannu ta taga ka nuna masa ya wuce. In ka fito daga fili birkinka yana da zafi, kada ka kuskura ka ja birkin hannu, domin takalmin birki zai manne, ƙarfe ya lanƙwashe.

"Wannan ai tun ina goye na san shi," Toyer ya ce wa na kusa da shi, ya kuma shiga ba shi labarin jirgin ƙasa na Worcester. Sa'ar ta kai uku ran nan. Saboda haka bai ji ƙarshen maganar ba, inda Oom Kobus ya ce a maimakon haka ka kashe inji ka bar ta a giya, ko ka tokare taya da wani abu.

Aka ɗaga kore. A miƙaƙƙen farko Giwa ta tuna ƙuruciyarta. Ta yi wani ruri da ya tayar da tsuntsayen tafkin da ke gefen fili, ta wuce mota biyar kamar an dasa su, 'yan layinmu suka miƙe a jikin shinge suna tafi, Karriem ma ya cire hula. Sai kwana ta farko ta iso, kuma ta dama ce.

Toyer ya murɗa sitiyari dama. Giwa ta yi shawara da gajeren sifirinta na hagu, suka ga ba su yarda ba. Tayoyi suka yi kuka, gaba yana tsalle kamar an ɗaure shi da roba, hular kwano ta zamo ta rufe masa ido ɗaya, da ƙyar da addu'a ya lallaɓa ta ta zagaya da saurin mai tallan kifi. Cikin kwana goma sha ɗaya, takwas na dama ne. Uku na hagu kuwa, kafin ya taɓa sitiyari ta riga ta shige su da kanta, sumul.

Motoci biyar da ya wuce suka taru a bayansa. Ya fitar da hannu, suka wuce. Kafin ya mayar da hannun wasu sun iso. Faried ya wuce da 'yar motarsa, ya ɗan sunkuyar da kai don ladabi. Sai wata tsohuwa mai furfura, Antie Doreen, malamar makaranta da ta yi ritaya, cikin ƙaramar motar da take zuwa cefane da ita. Ta wuce shi sau huɗu, kowane karo tana ɗaga masa hannu tana godiya. Hannun Toyer bai koma ciki ba har aka kaɗa tutar tashi. Rugaya ta ce wa matan layi gaisuwa yake yi, shi mutum ne mai son jama'a.

Ya fito tayoyin gaba suna hayaƙi, warin birki ya cika wuri. Filin ajiye motoci a kwance yake da 'yar gangara, daga rumfa a sama zuwa tafki a ƙasa. Toyer ya kai Giwa can ƙoli, inda kowa zai gan ta. Ya cire giya, ya bar inji yana aiki domin a ci gaba da jin muryarta, ya kai hannu ga birkin hannu, sai ya tuna. Ya janye hannun, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai shaida bai ja ba. Ya fito, ya maida ƙofa, ya ture hular kwano zuwa ƙeya, ya juya wa motar baya ya fuskanci jama'a.

Ya ce abin da suka gani ba tsere ba ne, awo ne. Tela ba ya yanka sai ya auna. Ya bar su suna wucewa ne domin ya ga salon kowa, yanzu duk ya haddace su, zagaye na biyu za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya ga idanun mutane sun buɗe, wasu sun miƙe tsaye, sai ya ji daɗi ya ƙara murya.

"Boeta," in ji Karriem, samosa a hannu, "wa ka ba ta ya fara zagaye na biyun?"

Toyer ya waiga. Giwa ta yi nisan taku goma, tana tafiya a natse kamar mai zuwa gaisuwar maƙwabta, hancinta yana kallon tafki.

Ya bi ta da gudu. Ya kai hannu ga mariƙin ƙofa, ya shafi fenti. Ya zura hannu ta taga yana lalube, ƙafafunsa suna bin mota a guje, da ya ga za ta tsere masa sai ya yi tsalle ya faɗa ta taga da kai. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga, ciki ya ce nan ne iyaka. Hular kwano ta juya ta rufe fuskar gaba ɗaya. Hannunsa ya sauka a kan oda, ya kuma zauna a nan. Haka Giwa ta ratsa tsakiyar jama'a tana ruri tana oda, da jajayen ƙafafu biyu suna iyo a iska.

Oom Kobus yana gudu a baya yana cewa ya ja birkin hannu, komai zai lanƙwashe ya lanƙwashe. Daga cikin hular kwano wata murya ta fito, a toshe amma da ƙarfin hali:

"Ba a ja in yana da zafi."

Faried ya iso ɗaya gefen, ya tarar babu mariƙi, gilas kuma a rufe. Saura kaɗan a kai inda gangara ta yi tsanani, daga nan sai ruwa. A nan ne gajeren sifirin na hagu ya yi aikin alheri guda ɗaya na rayuwarsa. Giwa ta jingina, ta fara karkata hagu a hankali, ta zagaye tukunyar akni ba ta taɓa ta ba, ta bi ta gefen motar Antie Doreen da tazarar tafin hannu, ta yanke gangarar a kwance har gudunta ya ragu ya koma na mai rarrafe. Tana shirin sake juya hanci ƙasa, sai ga Tietie Galiema tsaye a wurin. Ba wanda ya ga ta yi gudu. Ta buɗe jaka, ta fitar da jan bulo, ta sunkuya tana dafe da gwiwa ɗaya, ta ajiye shi a gaban tayar baya.

Giwa ta taka bulon, ta ɗan hau, ta tuna shi, ta koma ta tsaya.

Tietie ta zura hannu ta gefen cikin ƙanenta, ta murɗa makulli ta zare. Ruri da oda suka ɗauke. Antie Doreen ce ta fara magana, ta ce ita dai tun safe take filin nan, ba ta ga an ɗauki kwana da tsafta irin wannan ba, a gaishe da direban in an same shi.

Maza huɗu suka kama ƙafafu suka ja, Toyer ya fito kamar toshiyar kwalba. Da aka juya masa hular ya ga duniya, abin da ya fara cewa shi ne a duba, ko tukunya bai taɓa ba, kuma duk wannan da hannu ɗaya ya yi shi, ido a rufe. Ya miƙa hannu a ba shi makulli.

Tietie ba ta dube shi ba. Ƙofar direba take kallo. Daga bakin taga zuwa ƙasa, inda kan ɗamararsa ya yi ta gurzawa yana wutsil-wutsil, akwai wani zane fari tas a cikin jan fenti. Ta ɗora farcenta a kai ta auna, ta matsa ta sake aunawa, har sau tara.

"Karriem."

"Ina nan, Tietie. Na gani, kuma na ƙirga."

Ta sa makulli a jaka, inda bulo ya fito, ta ja zif.

Da yammacin nan Faried da mutanen garejinsa suka mayar wa Giwa ƙafafunta. Ashe tun ranar da ya ji ƙarar injin yankan ƙarfe a layin ya nemo wasu sifirin ya ajiye. Aka mayar da kujera da darduma da mariƙai, zanen kuwa aka bi ta kansa da farin ribon na amarya. Ranar Lahadi da hantsi, bayan an sha shayi da koesister masu zafi, soyayyun ƙullin fulawar nan da ake tsomawa a ruwan sukari, Giwa ta tsaya a ƙofar gidan biki a miƙe, kamar ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba. Nawaal ta shiga baya da ƙawayenta. Tietie Galiema ta gyara mayafi ta zauna a kujerar direba, domin da ma ita Baba ya fara koya wa tuƙi a motar nan, Toyer yana wasan ƙasa.

Shi kuwa aka ba shi kujerar gefe, da jan bulo a cinya. Da sassafe ya ɗinka wa bulon riga ta jan karan-miski, da zaren zinariya a baki. Duk inda aka tsaya, a masallaci, a wurin ɗaukar hoto, a ƙofar zauren walima, shi ke fara dirowa, ya zagaya da sauri ya tokare taya, sannan ya miƙe ya kaɗe hannu.

A ƙofar zaure Karriem ya matso, ya ce ya ga an yi masa ƙarin girma, daga direba zuwa ɗan dako. Toyer ya dube shi da tausayi.

"Tuƙi ai kowa ya iya, Karriem, ga shi har Tietie tana yi. Tsayar da Giwa shi ne aikin. Ka ga sun ba wani ban da ni?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba domin gizo ba da na ce ƙarya na shara muku, amma bulon yana nan da rigarsa, mai shakka ya hauro layinmu ya gani.